Layin Da Ya Ƙi Kwanciya a Allon Tasallah

Masu ba da labari sun ce a Funtuwa an yi wata injiniya, Tasallah, wadda matan ƙauyensu suka roƙa ta haɗa musu na'urar da za ta karɓi wutar sola ta mai da ita bolt goma sha biyu cif, saboda firjin allurar rigakafi na ɗakin shan maganinsu. A irin wannan na'ura, transista ne ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai cikin ƙiftawar ido, wani sashe kuma yana auna abin da ya fito, yana ba shi umarni ya ƙara ko ya rage.

Kafin ta taɓa waya ko dalma, sai ta zana na'urar a kwamfuta don gwaji. Kwana uku layin da ya kamata ya kwanta a allo yana tsalle, ya haura sha shida, ya faɗo takwas. Ta sauya kondensa mai ajiye wuta, ta sauya koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, abu ya ƙi. Ta kuwa san wuta irin wannan ƙona firji za ta yi, allurai su lalace.

Rana ta huɗu da hantsi, kawunta Malam Barau, tsohon mai gyaran rediyo, ya leƙo shagon. Bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma ya daɗe yana kallon layin. Ya tambaye ta wa ke ba transistan umarni, ta nuna masa. Sai ya yi dariya ya ce ashe Tanimu mai ƙofar ruwa ya bar magaji.

Ta ce, "Kawu, wane ne kuma Tanimu?"

Ya gyara zama ya ce, a wani gari na bakin madatsa, Tanimu aka ba tsaron ƙofar da ke sakar wa masu albasa ruwa, gonakin kuwa da nisa. In manoma suka aiko ruwa ya yi kaɗan, sai ya wangale ƙofa. Kafin ruwan ya isa sun sake aikowa, ya ƙara wangalewa. Can ruwa ya shanye kunyoyi, a aiko a guje, ya rufe ruf, jibi ƙasa ta tsage. Da manoma suka fara zancen tsige shi, ya kai kuka wurin gwaggonsa Kande mai tuwo-tuwo. Ta saurara, ta ce abinsa ya yi kama da miyar Delu. Ya roƙe ta ta gaya masa, ta ce:

"Ranar sunan jikanta, Delu ta ɗora miyar kuka. Ta zuba gishiri, ba ta juya ba ta ɗanɗana, ta ji lami, ta ƙara tafi biyu. Da miya ta tafasa, gishiri ya yi kamar zai yanke harshe. Ta juye mata bokitin ruwa, ta koma salam, ta sake ɗebo gishiri. Daga tukunya aka koma babbar tukunya, daga nan sai rabin duro. Har baƙin kasuwa suka sha miya ranar, tuwo ne ya ƙare. Ɗana, wanda bai jira gishiri ya narke ba, rijiya ba ta isarsa."

Malam Barau ya ce tun daga nan Tanimu ba ya ɗaga ƙofa sai faɗin yatsa biyu, sannan ya ɓare goro ya cinye kafin ya saurari wani saƙon. A shekarar albasa ta yi kai har ana rasa buhu.

Ya nuna allon da haɓa ya ce, "'Yata, mai ba da umarnin nan naki ba ƙarya yake ba, garaje ne ya yi masa yawa. Sauri kan haifi nawa."

Tasallah ta jawo kujera. Ta bar sauran kayan yadda suke, ta koma kan sashen da ke aunawa. Ta rage ƙarfin umarninsa, ta saka masa ƙaramar kondensa don ya riƙa jinkirtawa kaɗan. Ta danna gwaji. Layin ya tashi, ya ɗan rusuna sau ɗaya, ya kwanta a kan sha biyu kamar an shimfiɗa tabarma. Ta ɗora masa nauyin wutar da firji ke ja idan ya tashi, ya ɗan nutsa ya dawo. Ta sake gwadawa har sau biyar don daɗin kallo kawai, tana dariya har da ƙwalla.

Ta ce, "Kawu, na karɓa. Kwana uku ina zargin kaya, ashe haƙuri ne ban koya wa na'urar ba."

Ta kira shugabar matan ta shaida mata su share wurin firji, Juma'a tana tafe. Daga nan ta jona ƙarfen dalma ta miƙa wa tsohon, don su fara haɗa na'urar ta gaske. Ya ce idonsa ya yi rauni, amma tuni ya naɗe hannun riga.