Kwaltar da Ila Ya Rabar

Ila mutum ne mai tsoron shiru. Ba malalaci ba ne, ba kuma ɓarawo ba, amma in dai za ka zauna ka taya shi hira, ko rigar jikinsa ka roƙa sai ya tuɓe ya ba ka. Wannan hali ne ya kai shi ya baro.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, aka ɗauke shi gadin hanya a wani kwari tsakanin Tanut da Gangara. Hanyar duk ta ƙasa ce, sai daidai kwarin aka shimfiɗa kwalta, tsawon taku ɗari uku, don kada motocin gero da gyaɗa su riƙa kafewa da damina. Mamman, shugaban masu gyaran hanya, ya sauke masa duro biyu na kwalta.

Ya ce, "Malam Ila, kwalta kamar dunduniya take, in rana ta gasa ta sai ta yi faso. Kowace bazara ka share ta tas, ka dafa wannan, ka shafe ta ba da kauri ba, ka watsa rairayi. In ruwa ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashi, hanya ta mutu, aikinka ma ya mutu."

Shekarar farko Ila ya yi aikin yadda aka ce. Amma matarsa ta rasu tun kafin ya zo, ba ɗa ba jika, ƙauye mafi kusa kuwa tafiyar rabin yini ce. Mota kan wuce sau biyu a mako, ya ɗaga hannu, direba ya danna oda ya yi gaba. Wani lokaci sai ya kwana huɗu bai ji muryar ɗan Adam ba sai tasa in yana salla. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

Wata rana da hantsi wani makiyayi mai suna Attahir ya durƙusar da raƙuminsa a bakin bukkar Ila.

"Aboki, raƙumin nan ƙazwa ta kama shi. An ce baƙin abin nan naka yana kashe ta. Ko ludayi guda ka taimaka mini."

Ila ya ɗebo masa ludayi biyu. Attahir ya kwance butar shayi, suka yi ta hira har la'asar. Rabon Ila da dariya irin ta ranar har ya manta.

Labari ya bi rijiyoyi. Mai raƙumi ya zo, mai tsagaggen tulu ya zo, mai guga mai yoyo ya zo, kowa da 'yar ƙwaryarsa. Ila ya zama mai fada, har da shimfiɗa tabarma ta biyu. Kullum yakan ce wa kansa, ludayi guda me zai rage wa duro? Duro kuwa ba rijiya ba ne.

Da bazara ta kama, ya zura sanda ya ga abin da ya rage bai kai kamu ɗaya ba. Faso ya riga ya cika hanyar, wani har yatsa na shiga. Maimakon ya aika wa Mamman, sai ya daka gawayi, ya roƙi baƙin mai wajen wani direba, ya dama da ɗan ragowar kwaltar ya shafe hanya. Ta yi baƙi wuluk, tana ƙyalli.

Mamman ya biyo a mota, bai ko sauko ba. "Madalla, Malam Ila! Haka ake so." Gaskiya ta zo wa Ila har bakinsa, ya haɗiye ta.

Ruwan farko ya wanke gawayin. Na biyu ya bi faso ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi. Bayan na uku, wata babbar mota ɗauke da gero zuwa Gangara ta hau, kwalta ta burme da ita, buhuna suka zube cikin ruwa. Lokacin kuwa rumbuna sun ƙare, mutane na jiran geron nan. Direbobi suka buɗe wata hanya can gabas, suka daina bin kwarin.

Mamman ya zo, ya dangwali gefen hanya da yatsa ya shinshina.

"Ina kwaltar da na bar maka?"

"Shugaba, na ba mutane."

"Sayarwa ka yi?"

"Wallahi ko dala ban karɓa ba. Zama suke yi da ni."

Mamman ya goge yatsansa. Ya ce babu wata kwaltar bana, babu baɗi, an rufe wurin. Ya sa aka loda durukan ya tafi.

Ila ba shi da inda za shi, sai ya ci gaba da zama a bukkar. Masu ƙwarya suka ɗauke ƙafa. Da kaka Attahir ya biyo da raƙumansa za shi arewa, ya yi sallama daga kan sirdi.

"Aboki, da saura?"

"Babu. Amma sauko, na ɗora ruwa."

"Rana ta yi, dabbobi ba su sha ba. Sai wani jiƙon."

Ila ya tsaya da buta a hannu har suka ɓace masa. Ranar ya zauna ya yi kuka, ba wanda ya ji shi.

Darasin da ke nan shi ne, abin da aka ba ka amana ba naka ba ne, ko da alheri za ka yi da shi. Zumuncin da aka saya da kayan amana, tare da kayan yake ƙarewa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa, domin rufe ɓarna da kwalliya ba ya hana ta girma, kuma waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne ke fara shan wahalarta.