Shelar da Zabuwa Ta Haɗiye

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

"To ku matso. Jummala, sauke ƙanen nan naki a tabarma. Ba na maimaita magana."

Wata shekara, bayan an gama kaka, ciyawa ta bushe ƙayau. Sai gobarar daji ta taso daga gabas, tana lashe duk abin da ta tarar. Kullum aka duba, hayaƙinta ya ƙara matsowa.

A tsakiyar dajin akwai kurmi. Tsuntsaye sun cika itatuwansa da sheƙa, kowace sheƙa da 'ya'ya. Kewaye da kurmin kuwa gamba ce doguwa, a cikinta masu jan ciki da masu gajerun ƙafafu suke zaune.

Gauraka, sarkin kurmi, ya kira taro. A ina? A ƙololuwar kuka. Wanda ba shi da fiffike sai dai ya ji ƙus-ƙus a sama, kashin tsuntsaye na zubo masa a ka.

Zabuwa ce mai shela. An ba ta aikin don kaifin murya, kuma don ita kaɗai ke kwana a bisa ta yini a ƙasa. Ƙwanta ma a cikin gambar yake.

Hankaka, waziri, ya gyara farin ƙirjinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, da wuta ake tare wuta. Mu ƙone gambar nan da kanmu tun babbar ba ta iso ba. In ta zo ta tarar da toka, dole ta juya."

Shirwa ta ce, "Madalla da waziri!" Tana tuna gasasshiyar fara.

Ungulu ta ce, "Ni ma na yarda, saboda talakawa." Ta haɗiye yawu.

Zabuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, to in sauka in yi shela mutanen gamba su tashi?"

Hankaka ya ce, "Wace shela? Ki ce da Hawainiya ta tashi, damina ta same ta a bakin ƙofa. Ki gaya wa Kunkuru, ya ce sai an zauna an ji ta bakinsa. Masu saurin kuwa su kwararo cikin kurmi, Damo da Tunku su bi sheƙa suna lashe mana 'ya'ya. Kafin a gama surutu wuta ta cinye mu duka. Kaɗan su tafi, da yawa su tsira. Mulki ke nan, 'yar nan, ba tonon tsutsa ba."

Maganar ba ƙarya ce duka ba. Shi ya sa ta fi ƙarya dafi.

Zabuwa ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Nawa ƙwan fa?"

Gauraka ya yi murmushi ya ce, "Yanzu kika yi magana. Ga tudu can bayan kurmi, mun ba ki. Kwashe ƙwanki kafin rana ta take. Amma rantse da shi. In kika buɗe baki, ya lalace."

Ta rantse.

Ta sauka ta nemi ƙwarya. Ƙwai da yawa, ƙwarya ƙarama, sai an yi sawu uku.

Ta ɗauki sawun farko. Ga Baba Kunkuru a ƙofar gida yana shan hantsi.

Ya ce, "'Yar nan, ina zuwa da kaya? Me aka tattauna a sama? Mun sha kashi, ba mu ji magana ba."

Ta ce, "Hirar manya ce, Baba. Ni tururuwa ce ta dame ni, zan sake wuri."

Ya ce, "Ayya. Da ina da ƙafa da na taya ki."

Ta wuce tana ce wa ranta, "Amana aka ba ni. Mai riƙon amana ba ya jin kunya."

Ta dawo ta ɗauki sawu na biyu. Ga Iya Hawainiya a maƙale a karan gamba.

Ta ce, "Zabuwa, idona ɗaya na kallonki, ɗaya na kallon hayaƙi. Akwai abin da ya kamata tsohuwa ta sani? Kin san tafiyata. Ni sai an gaya mini da wuri."

Zabuwa ta ce, "Haba Iya! Ga sarki, ga waziri, me zai same ki?"

Hawainiya ta ce, "Haka ne. Allah ya ja zamaninsu."

Zabuwa ta wuce tana ce wa ranta, "Ai ba ni zan kunna ba. Ni ko ashana ba ni da ita."

Ta dawo ta ɗauki sawu na uku. Ga Bushiya, wadda suke katanga ɗaya, tana jego, 'ya'yanta ko ƙaya ba su yi ba. Bushiya ta fito ta kama mata ƙwaryar, ta ɗora mata a ka, ta gyara mata gammo.

Ta ce, "Maƙwabciya, dube ni. Tun ɗazu kike wucewa kina kallon ƙasa. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Mene ne?"

Zabuwa ta buɗe baki. Ta ji nauyin ƙwai a kanta. Ta ga inuwar Hankaka ta gilma. Ta rufe bakin, ta sake buɗewa, ta ce, "Babu komai. Ke dai ki riƙa fita shan iska bakin rafi."

Bushiya ta yi dariya ta ce, "Mai jego da shan iska? Allah ya shirye ki. Sauka lafiya."

Zabuwa ta wuce tana ce wa ranta, "Na dai yi mata nuni. In ba ta gane ba, laifin wa?"

Kun ji fa. Ta jefa wa mai nutsewa zare, ta ce ta ba shi igiya.

Rana ta take. Shirwa ta ɗauko itace mai wuta a baki, ta saki a gamba. Wuta ta ce bal! Zabuwa na kan tudu, ta kwanta a kan ƙwanta, ta cusa kai cikin fiffike. Tana jin gamba na fashewa, tas, tas, tas. Ta ƙara cusa kai.

Can sai ta ji murya cikin hayaƙi. Muryar Bushiya ce.

"Maƙwabciya! Kina ina? Ko kin dawo ɗaukar saura? Fito, wuta!"

Zabuwa ta zabura. Ta bar ƙwai, ta tashi fir, ta faɗa cikin hayaƙin tana ihu, "Ku tashi! Ku tashi! Ku tashi!"

Ihu bayan hari. Wa zai tashi, ya bi ta ina? Wuta ta lashe mata gashin kai ƙwal. Tartsatsi ya zubo mata a jiki, ya huda zanenta ɗigo-ɗigo.

Babbar gobara ta iso, ta tarar da toka, ta juya. Kurmi ya tsira, ko sheƙa ɗaya ba ta ƙone ba. Baba Kunkuru ya fito da ƙoƙon baya duk a tsage. Iya Hawainiya an same ta a ƙone inda aka bar ta, ƙafa ɗaya a ɗage, tana shirin takawa. Bushiya ta fito da ɗa guda a baki. Guda.

Waɗanda suka rage suka taru a gindin kuka. Kunkuru ya ɗaga wuya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba talakawanka ba ne? Ko karen gida in za a ƙona bukka ai kora shi ake yi."

Gauraka ya dafa ƙirji ya ce, "Subhanallahi! Ba a gaya muku ba? Waziri, ba mu da mai shela ne?"

Hankaka ya ce, "Muna da ita, ranka ya daɗe. Har tudu muka ba ta ladan aikin."

Ungulu ta yi gyatsa ta ce, "Ni ce shaida."

Zabuwa ta ce, "Ku kuka sa ni rantsuwa! Ku kuka ce in yi shiru!"

Hankaka ya ce, "Mai shela da rantsuwar shiru? Jama'a, wa ya taɓa jin haka? Wuta ta taɓa mata kai."

Tsuntsaye suka kwashe da dariya.

Bushiya ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ajiye ɗanta ta dubi Zabuwa ta ce, "Na sama ban san su ba, ba su san ni ba. Ba ni da magana da su. Ke na ɗora wa ƙwarya a ka."

Ta ɗauki ɗanta ta tafi.

Zabuwa ta koma tudu. Rantsuwa kuwa ba ruwanta da latti. Tunda ta buɗe baki, ta buɗe. Ƙwai duk ya zama ɓaragurbi. Ba maƙwabta, ba 'ya'ya, ba sarauta. Biyu babu ma ya fi wannan.

"Iya, to da ta faɗa tun farko, ai 'ya'yan tsuntsaye ne za su mutu."

"Wataƙila, Tanimu. Ban ce maka abin da sauƙi ba. Da an sauko gindin kuka an tambaya, ƙila a sami dabara, ƙila a rasa. Amma hukuncin da ba a iya faɗa a gaban wanda zai ci, mai yanke shi ya san abin da ya yanka."

Tun daga ranar zabuwa take yawo da sanƙo da zane mai ɗigo. Ko ganye ya motsa sai ta cika gari da ihu, tana biyan shelar da ta haɗiye, ba kuma mai ɗaga kai ya dube ta. Wanda ya saye bakinka yau, ranar tambaya shi zai fara nuna ka da yatsa.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa toka. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe ya kama zabuwa ya duba kanta.