Kunyar Ɗan Fari a Sheƙar Gauraka

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, muna saurare.

Gauraki sun ƙare a fadama, saura uwa ɗaya da 'ya'yanta biyu, Jatau mafaɗaci da Auta mai haƙuri. Jatau ɗan fari ne, don haka uwar tana kunyarsa, ba ta kallonsa, ba ta kiran sunansa. In ta kamo fara sai ta ce, "Auta, ungo, ku ci." Jatau kuwa sai ya sari Auta a ka, ya wawushe.

Rannan ya ce, "Sheƙar nan ta yi mana kaɗan." Ya tunkuɗa Auta cikin ciyawa.

Da uwar ta dawo, ta tsallake sheƙar abinta, ta kai wa Auta abinci cikin ciyawa.

Jatau ya ce, "Inna, ni fa?"

Ta kau da kai. "Auta, wa ke magana?"

Kwana biyu cikin Jatau yana ƙugi. Ya leƙo ya ce, "Ƙanwata, dawo mana, wasa nake yi."

Auta ta haɗiye wata ƙatuwar fara. "Yaya, ai sheƙar ta yi mana kaɗan. Bari in ƙoshi, zan jefo maka ƙafafun."

Ƙurunƙus kan fara, ƙafafunta rabon Jatau.