Tarin Motar Baba

Akwai wani mutum da kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ya gaji wata tsohuwar mota daga mahaifinsa, wadda yaran gidan suka raɗa wa suna Mai Tari. Tun daga kwanar layi ake jin zuwanta, tana kwarkwar kamar ana jan gwangwani a kan kwalta.

Kullum da yamma da ita yake zuwa gaida mahaifiyarsa. Tsufa ya kawo wa Mama mantuwa, har fuskokin 'ya'yanta sun ɓace mata. Amma da zarar ta ji tarin motar nan a ƙofar gida, sai ta gyara zama ta ce, "Ga Autana nan."

Mai Tari kuwa ta gaji. Yau ta ƙi tashi, gobe ta mutu a tsakiyar titi, abokan aiki suna yi masa tsiya. Sai Auta ya sayo injin zamani, ya kai wa wani dattijon bakanike da ake kira Baba Sifana, wanda ya yi shekara talatin yana duba motar.

Mako biyu dattijon ya yi yana fama, Auta kuma bai samu leƙa Mama ba saboda rashin mota. Ya yanka mazaunin inji ya sake walda, ya ja sababbin wayoyi, ya daidaita giya. Da ya zo kan tsohuwar salansa mai huji, sai ya tsaya.

"Ɗana, wannan fa? Ita ce muryar motar."

"Haba Baba, wace murya? Abin kunya dai! A jefar da ita a bola."

Dattijon ya kwance ta ya ɗaura sabuwa.

Ranar da aka gama, mota ta tashi shiru, ko kaza ba za ta firgita ba. Auta ya nufi gidan Mama yana ta murmushi shi kaɗai. Ya shiga falo ya tarar da Mama a bakin taga, ta kasa kunne.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dube shi da ladabi ta ce, "Sannu bawan Allah. Wa kake nema?"

"Mama, ni ne Auta."

"A'a. Autana bai zo ba tukuna, ban ji motarsa ba."

Kwana uku haka. Yayarsa ta ce ko abinci Mama ba ta ci sosai, tana cewa yaronta ya daina zuwa. Wallahi abin ya karya masa zuciya, yana zaune gaban uwarsa tana kewarsa.

Ya koma gareji kansa a ƙasa. Kafin ya gama bayani, Baba Sifana ya shiga bayan shago ya fito da salansar, naɗe cikin buhu.

"Ban jefar ba. Babanka ma sau biyu ya hana ni toshe hujin nan, ya ce da shi matarsa ke sanin ya dawo." Ya miƙa masa. "Riƙe min nan in ɗaura. In ka isa, ka ba ta wuta sau biyu kafin ka kashe, haka yake yi."

Da yamma Mai Tari ta karyo kwanar layi da sabon inji da tsohon tarinta. Auta ya taka totur sau biyu, ya kashe.

Bai kai ga ƙofar falo ba ya ji muryar Mama tana faɗa. "Auta! Ina ka shige kwana da kwanaki? Zo nan in gan ka, ja'iri."

Ya sa kansa a cinyarta ya yi kuka kamar yaro, ita kuma tana shafa furfurarsa.

Darasi: Gyara abu ba laifi ba ne, amma kafin ka jefar da abin da kake jin kunyarsa, tambayi wanda ya riga ka saninsa, wataƙila da shi wani masoyinka yake gane ka. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ya je ya gaishe su yau.