Ƙafa Ɗaya a Jiƙe, Ɗaya a Bushe

Akwai wani mai shagon takalma da 'yan layinsu suke kira Ciyaman, don shi ne shugaban ƙungiyar masu shaguna. Mutum ne mai son a gan shi. In mace mai babbar jaka ta shigo shagonsa, har ƙasa yake durƙusawa, ya kama ƙafarta ya gwada mata takalmi yana cewa, "Hajiya, kamar don ke aka yi shi."

Ku riƙe wannan durƙuson, za mu dawo kansa.

Ciyaman yana da uba, tsoho, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. An ajiye shi a ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Da hannunsa ɗaya mai lafiya yana iya wanke fuska da hannu, ya yi shafar kai. Ƙafa ce ta gagare shi, bayansa ba ya lanƙwasuwa. Ƙafafun kuwa sun kumbura, diddige ya tsattsage, farata sun murɗe.

Duk sanda ya ji motsin ɗansa sai ya ce, "Ɗan nan, zo ka kama mini ƙafa, lokacin salla ya yi."

Amsa ɗaya ce kullum: "Baba, Allah ya sauƙaƙa maka. Ga dutse nan kusa da kai, yi taimama."

"Ga ruwa, ga ɗa, in yi taimama?"

Ciyaman ba ya tsayawa jin ƙarshen maganar. Da safe ya fita, sai dare ya dawo. Yadda tsohon yake ƙarewa da sallolinsa, bai taɓa tambaya ba.

Daura da gidansu akwai rumfar wani dattijo Kirista, kowa Kafinta yake ce masa. Wata rana Kafinta ya tare shi ya ce, "Ciyaman, ranar Alhamis da yamma muna da hidimar wankin ƙafa a coci. Fasto ya ce a gayyato maƙwabta su zo su gani."

Ciyaman ya lissafa. Zaɓen ƙungiya ya matso, masu shaguna da yawa kuma a cocin nan suke. Ya ce, "Ai zaman tare ya fi wannan. Ina nan zuwa."

Ranar Alhamis ya dawo gida da la'asar ya sake kaya, ya fesa turare, ya sa takalmin da ya fi kowanne tsada a shagonsa. Zai fita, muryar ta biyo shi.

"Ɗan nan, yau ba ni da kowa. Zo ka kama mini."

"Baba, ka ga kayan jikina? Jira na ake. Ga dutsenka nan."

A coci aka ba shi kujerar gaba. Fasto ya yi bayani a taƙaice, ya ce suna yin haka ne don tunawa da yadda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mabiyansa, don babba ya san shi mai hidima ne. Ya ce baƙi ba dole ba ne, kallo ma ya isa.

Aka fito da robobin ruwa. Dattawa suka durƙusa. Mai mota yana wanke ƙafar mai gadi, ba wanda ya yamutsa fuska. Ciyaman ya ga wayoyi a sama ana ɗaukar hoto, sai ya cire takalmi da safa da kansa, ya miƙa ƙafa yana murmushi.

Wanda ya durƙusa a gabansa Kafinta ne.

Sauran dattawan zuba ruwa suke yi su goge da tawul, shi ke nan. Kafinta kuwa ya fara da ƙafar dama. Ya kai ruwa har ya rufe idon sawu. Ya cuɗa diddige. Ya sa ƙaramin yatsansa ya tsefe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sau uku, sannan ya koma hagu.

Murmushin Ciyaman ya ɗauke. Ya sunkuya ya ce a hankali, "Kafinta, wannan ai alwala kake yi mini. Wa ya koya maka?"

Kafinta ya yi 'yar dariya. "Au, yi haƙuri, hannu ne ya saba. Babanka ne malamina. Mai faɗa kuwa, in na tsallake diddige sai ya ce in sake. Na taɓa ce masa, ni da ba Musulmi ba, ya halatta? Ya ce niyya tasa ce, hannu kawai ya ara."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya kwanta. In na ji kiran salla sai in ajiye zarto in tsallako." Ya ɗago kai yana goge masa ƙafa. "Yau dai na ce masa ba zan samu zuwa da la'asar ba. Ya ce kar in damu, ɗansa zai shigo sake kaya. Ka yi masa ko?"

Ciyaman ya janye ƙafarsa. Ya miƙe ya ratsa mutane ya fita, takalmin nan mai tsada yana ƙarƙashin kujera.

Da ya isa gida, ƙofar ɗakin babansa a buɗe take. Tsohon yana kife a ƙasa, gefen gado, goshinsa ya daki bakin dakali. Buta ta kife, ruwa ya malale har ƙarƙashin tabarmar salla. Dutsen taimama yana inda yake, ba a taɓa shi ba.

Da alama ya ja jiki ya zauna a bakin gado, ya tsiyaya wa ƙafar dama ruwa. Da ya miƙa zai kai ga ta hagu, jiki ya rinjaye shi.

Ƙafa ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe. Rai ya yi halinsa.

Ciyaman ya faɗi a kansa yana kiran "Baba, ga ni, ga ni na zo." Kuka ne na gaske, ban ce ƙarya ba ne. Amma kuka bayan hari bai taɓa dawo da komai ba.

Washegari da aka zo wankan gawa, liman ya ce ɗan mamaci ya matso. Da aka zo alwalar mamaci, shi aka miƙa wa buta. Ranar ya fara riƙe ƙafafun nan, sun yi sanyi. Sai ya ga faratan a yanke suke tsaf, diddigen kuma an sha shafa masa mai. Ya san ba hannunsa ne ya yi ba.

Kafinta ya zo ta'aziyya ya zauna a ƙarshen tabarma. Da zai tafi ya ajiye wata leda kusa da Ciyaman. Takalminsa ne da ya bari a coci.

Ya ci zaɓen ƙungiya, hoton ya yi masa aiki. Amma 'yan layin sun ce tun daga ranar, in mai saye ya miƙo ƙafa, sai Ciyaman ya ajiye takalmin a ƙasa ya juya baya.

Darasi: Wanda ya iya durƙusa wa ƙafar baƙo don ciniki, bai da bakin cewa ta ubansa ta yi masa ƙazanta. Hidimar da ka ƙi yi wa iyayenka, Allah zai aiko wanda ba ka zato ya yi, ya tafi da alherin, ya bar ka da kunya. Kuma kar ka auna maƙwabci da ƙofar da yake shiga ya yi ibada, auna shi da abin da hannunsa yake yi in ba ka nan. Mai tsoho a gida, ajiye wayar nan ka je ka duba shi yanzu. In ka dawo, ka tura wa 'yan uwanka, musamman wanda ka san kullum jira ake yi masa a waje.