Matar da Ta Ƙi Yanka Tagullar Dakta

Akwai wata mata a nan Winnipeg, Doreen Kowalchuk, shekara talatin tana yanka ƙarfe a shagon injuna na wata jami'a. Dokarta ɗaya ce: ba ta kunna inji sai mai zane ya sauko ya fayyace mata abin da ya rubuta.

Rannan Dakta Thibodeau, masanin fiziks mai ji da kansa, ya aiko da zanen wani zobe na toshe iskar gas a na'urar gwajinsa, da dunƙulen tagulla. Wata takwas ya yi yana jiran tagullar, kuma babu ta biyu. A ƙasan zanen ya rubuta a auna a "zafin ƙa'ida".

Doreen ta kira shi sau uku. Ya aiko cewa shi ba malamin firamare ba ne, in ta kasa karatu a ba wani. Har ƙararta ya kai, shugaban sashe ya ce aikinta na rawa.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko gezau. Ta rufe tagullar da tsumma ta ci gaba da shan kofinta.

Rana ta tara ya sauko yana huci.

"Dakta, zafin ƙa'idar nan taku, nawa ne?"

"Digiri sifili mana. Ɗan aji ɗaya ma ya sani."

Ta nuna masa ma'aunin zafin da ke bango. "To mu maƙera tamu ashirin ce. Tagulla kuwa ba ta san digirinka ba, zafi ta sani. Ta ji ɗumi ta buɗe, ta ji sanyi ta tsuke."

Ya ja takarda ya yi lissafi a tsaye. Da ta yanka da nata awon, da zoben ya gaza da kaurin gashi guda, iskar gas ɗin gwajinsa ta zurare, tagullar ta tashi a banza.

Ya janye ƙarar a ranar, ya jawo kujera kusa da injin ya ce, "Doreen, sauran tambayoyin fa?"

Tana da goma sha ɗaya, kuma ya amsa su duka.

Darasi: Kowace sana'a da yarenta, kuma matambayi ba ya ɓata. Kada girman kai ya hana ka bayani, kada barazana ta sa ka yanka abin da ba ka gane ba. Ku tura wa abokan aikinku.