Hararar Da Ba Harara Ba

Akwai wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba ta ɗaukar raini ko na sisin kwabo. Wata uku da auren ɗanta, ta hana kowa sakat a kan matarsa.

Yarinyar ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Amma da an kira ta, sai ta karkata kai, ta ƙanƙance ido. Dattijuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye, daga falo zuwa kicin tana ƙwafa.

"Ni za ta riƙa harara? Ko ka sallame ta kafin Juma'a, ko ka nemi wata uwar," ta gaya wa ɗanta.

Bawan Allah ya daina cin abinci. Matar ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta fara ninke kayanta.

Ranar Laraba, ƙanwar mijin, ma'aikaciyar jinya, ta ga amaryar ta ɗaga kai tana yi wa agogon bango irin wannan kallon.

"Mama, agogon ma raina shi ta yi?"

Da ƙyar aka lallashi dattijuwa ta bi su asibitin ido. Bayan ya gwada idon amaryar, likita ya ce, "Gaban idonta bai zagaye daidai kamar ƙwallo ba, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Haske ba ya taruwa wuri ɗaya, shi ya sa na kusa da na nesa duk dishi-dishi take gani, ga ciwon kai. Matse idon ƙoƙarin gani ne. Tabarau take buƙata."

Ya ɗora mata gilashin gwaji. Ta juyo, ido a buɗe, ta dubi surukarta.

"Mama, ashe fushi kike yi? Wallahi duk lokacin da na hango ki daga kicin, na ɗauka murmushi kike mini."

Wallahi abin ya ba ni tausayi. Matar da ta shekara talatin tana tsawata wa mutane ce fa. Da suka koma gida, da hannunta ta mayar da kayan amaryar cikin durowa.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan kallonsa, tambaye shi me yake gani. Mai yawan matse ido a kai shi gwaji. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila ku ceci auren wata.